Jagora ga Mai Shirin Gina Gidansa: A Fara da Abin da Ƙasa da Filasta Za Su Rufe

Duk wanda ya ƙudiri aniyar gina gidan da zai zauna a ciki shi da iyalinsa, ya kamata tun kafin a kafa turken farko ya kasa ayyukan ginin kashi biyu: waɗanda za a iya sauyawa bayan an tare, da waɗanda ƙasa ko kankare ko filasta za su rufe. Fenti da tayil da ƙofofi da fitilu suna cikin kashi na farko, domin idan ba su gamsar ba, ana iya cire su a sa wasu duk ranar da hali ya samu. Fili da takardunsa, da harsashi, da rodin da ke cikin ginshiƙai, da bututan ruwa da na wayar lantarki da ke cikin bango su ne kashi na biyu, kuma ba a gyara su sai an fasa abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Yawancin masu gini na farko hankalinsu yakan tafi ga kashi na farko saboda shi ne ido yake gani kuma shi baƙi suke yabawa, sai su tsuke hannu a kan na biyu. Shawarar da za ta biyo baya ta ginu ne a kan juya wannan tsari.

Fili da takardunsa

Kada a yanke shawara a kan fili da ziyara guda a ranar da gari ya bushe. A koma a gan shi bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a lura da inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya, a kuma duba ko titin da ke gabansa ya fi shi tudu, domin filin da ke ƙasa da titi zai ci ciko mai yawa, kuma kuɗin cikon yakan shafe arahar da aka samu wajen saye. Gidajen maƙwabta shaidu ne da ba sa ƙarya. Idan bangayensu sun tsattsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa, ko kuma akwai layin danshi da farin gishiri a gindinsu, to abin da ya same su yana jiran sabon gini. A tambayi waɗanda suka daɗe a wurin ko an taɓa yin kududdufi ko juji ko ramin ɗibar ƙasa a nan, saboda ƙasar ciko tana ci gaba da zama shekaru bayan an baje ta.

Batun takardu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ƙa'idar ɗaya ce: ba a biyan kuɗin fili sai an tabbatar a ofishin da ke riƙe da rajistar filaye cewa mai sayarwa shi ne mai shi, kuma babu bashi ko shari'a ko rigimar gado a kansa. A ɗauki safiyo mai lasisi ya auna iyakoki ya kafa alamomi, a kuma sa lauya ya rubuta yarjejeniyar. Daga nan a nemi sanin dokar hukumar tsara gari game da tazarar da dole a bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da iyakar maƙwabci, da nisan da ake buƙata daga manyan wayoyin lantarki da magudanan ruwa. Neman izinin gini yana da jinkiri da gajiyarwa, sai dai jinkirinsa bai kai zafin ganin an rushe ɗakin da aka gama ba.

Kafin a yi zane, a haƙa ramuka biyu ko uku a sassa daban-daban na filin, kowanne ya kai kamar mita 1.5, a ga irin ƙasar da ke ƙarƙashi. Tsakuwa da ƙasa mai tauri da yashi matsattse suna ɗaukar nauyi sosai. Abin tsoro shi ne baƙar laka wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsuke ta dare idan ta bushe, domin tana ɗaga harsashi tana sauke shi kowace shekara har sai bango ya gaji ya tsage. Idan an ci karo da irinta, ko ruwa ya ɓuɓɓugo a cikin ramin, ko kuma bene ake son yi, to wajibi ne a kira masana su gwada ƙasar a rubuce. Hasumiyar Pisa da ke Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta soma karkata tun ba a kai rabinta ba, saboda an ɗora ta a kan harsashi mai zurfin mita 3 kacal a ƙasa mai laushi. Maginanta gwanaye ne, ƙasar ce ba su tambaya ba.

Zane

Zane shi ne wuri mafi araha da mutum zai yi kuskure ya gyara, domin gusar da bango a takarda ba ya cin komai sai ɗan lokaci. Mutum biyu ake buƙata, kuma aikinsu ya bambanta: mai zanen gini, wanda yake tsara ɗakuna da iska da haske da fasali, da injiniyan gini, wanda yake lissafa kaurin harsashi da yawan rodi da girman ginshiƙai. Kwafar zanen gidan wani a dasa shi a fili daban kuskure ne da ya zama ruwan dare, saboda an yi wancan lissafin ne don wata ƙasa da wata fuskar rana.

Siffar gida tana da tasiri a kan kuɗinsa fiye da yadda ake zato. Gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana da shimfiɗar murabba'in mita 100, kuma bangon da ya kewaye shi mita 40 ne. Gida mai mita 20 da mita 5 shi ma shimfiɗarsa 100 ce, amma bangonsa mita 50 ne, wato ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu na harsashi da bulo da filasta da fenti ba tare da an ƙaru da ko taku ɗaya na wurin zama ba. Kowace kusurwa da aka ƙara don ado tana ƙara wahalar rufi, kuma a mahaɗar rufi ne yoyo yake farawa. Haka nan, idan aka jera kicin da banɗakuna a gefe guda ko baya da baya, bututan ruwa za su gajarta, wuraren da za su iya tsiyaya su ragu.

A wuraren da ake zafi, a juya gidan ta yadda dogayen bangayensa da manyan tagoginsa za su fuskanci arewa da kudu, a rage tagogi a gabas da yamma, musamman yamma, inda ranar la'asar take dukan bango kai tsaye ta bar ɗaki da zafi har cikin dare. Kowane ɗakin kwana ya samu tagogi a bangaye biyu domin iska ta shiga ta fita, kuma faɗin tagogin gaba ɗaya kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na shimfiɗar ɗakin. Bakin rufi ya zarce bango da santimita 60 zuwa mita ɗaya, ya yi masa inuwa ya kuma kare shi daga feshin ruwa.

Akwai tambayar da dole a amsa yanzu ko da amsar ba za ta yi aiki ba sai bayan shekaru goma: shin za a taɓa ɗora bene? Idan akwai yiwuwar haka, a gaya wa injiniya ya yi lissafin harsashi da ginshiƙai a kan bene tun yau. Kankare mai rodi yana da nauyin kimanin kilo 2,400 a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi ɗaya, saboda haka dakin, wato shimfiɗar kankaren da ake ɗora bene a kanta, mai kaurin santimita 15 yana ɗora kusan kilo 360 a kan kowane murabba'in mita, tun ba a sa bulo ko kaya ko mutane ba. Harsashin da aka yi don gidan ƙasa bai san da wannan nauyi ba. Idan kuwa za a yi benen, a lura da matakala: tsayin kowane taki ya kasance tsakanin santimita 15 da 18, faɗinsa tsakanin 25 da 30, kuma duka su zama daidai wa daida, domin taki guda da ya saɓa wa sauran shi ne yake kayar da mutum.

Wata dabara mai sauƙi kafin a amince da zane ita ce a je filin da igiya da turaku a shata ɗakunan a ƙasa da ainihin girmansu, a shiga a zaga tare da waɗanda za su zauna a gidan. Mutane da yawa ba sa iya karanta zane, amma kowa yana gane ɗakin da gado da kabad ba za su shiga ba idan ya tsaya a cikinsa.

Kuɗi da ma'aikata

A sa mai ƙididdigar kayan gini ya fitar da jerin duk abin da za a buƙata da adadinsa, mataki bayan mataki, sannan a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a ajiye gefe don abin da ba a zata ba. Abubuwan da aka fi mantawa a lissafi su ne katanga da ƙofarta, da ramin masai, da ruwan aikin gini kansa, da kuɗin jawo lantarki, da dakon kaya, da ladan mai gadi, da kwashe tarkace. Wani abin da yake yaudarar mutane shi ne saurin da bango yake tashi. Mutum yakan ga an kai linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, cikin 'yan makonni ya ɗauka ya ci rabin aiki, alhali kuwa rufi da wayarin da famfo da filasta da tagogi da daɓe suna gaba, kuma su ne suke cinye kaso mai tsoka na kuɗin.

Wanda zai yi gini da kaɗan-kaɗan ya zaɓi wuraren tsayawa da hankali. Ana iya tsayawa bayan an gama harsashi an zuba kankaren daɓe, ana kuma iya tsayawa bayan an yi rufi. Mafi munin wurin tsayawa shi ne tsakanin waɗannan biyun, inda bulo zai yi shekaru yana shan ruwa da rana, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa. Idan kuɗin da ke hannu ba zai kai babban gida rufi ba, gara a gama ɓangare guda a rufe shi, a bar wa sauran wuri a zane. Haka kuma kada a tara siminti da sunan tanadi: bayan kamar wata uku a ajiye ƙarfinsa yakan fara raguwa ko da bai jiƙe ba. Idan an sayo, a jera shi a kan katako nesa da ƙasa da bango, kada jeri ya wuce buhu 10, a kuma fara amfani da wanda ya riga zuwa. Buhun da ya yi dunƙulen da yatsa ba ya iya murƙushewa bai cancanci shiga ginshiƙi ba.

Hanyoyin ba da aiki uku ne, kuma kowace tana da inda take cizo. Idan an ba ɗan kwangila aikin da kayan gaba ɗaya, ribarsa tana cikin rage kaya, don haka sai an sa ido a kan yawan siminti da kaurin rodi. Idan jinga aka yi, wato mai gida ya sayo kaya ya biya kuɗin aiki a dunƙule, ribar ma'aikaci tana cikin sauri, sai a sa ido a kan inganci da ɓarnar kaya. Idan kuma biyan yini ake yi, ribarsa tana cikin jinkiri. Babu wadda ta fi sauran a kowane hali, sai dai mai gida ya san wace ƙofa ya buɗe domin ya tsaya a bakinta. A ganina, wanda ba shi da lokacin zuwa wurin kullum ya fi samun kwanciyar hankali da kwangila mai rubutattun sharuɗɗa, tare da wani injiniya na daban da shi mai gidan yake biya, wanda ba ya cin komai daga hannun ɗan kwangilar.

Kafin a ɗauki magini, a je a ga aikin da ya yi shekaru uku ko huɗu da suka wuce, a yi magana da mai gidan shi kaɗai. Sabon gini kowa nasa yana da kyau. A rubuta yarjejeniya ko da maginin ɗan'uwa ne, hasali ma idan ɗan'uwa ne an fi buƙatar rubutun, domin shi ne zai tsare zumuncin ranar da aka samu saɓani. A bayyana aikin, da kuɗinsa, da wa'adinsa, da wanda zai ɗauki asarar aikin da aka ɓata. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran biya kuma ya biyo bayan kowane mataki da aka gama aka duba. A riƙe kashi 5 cikin 100 na kowane biya har sai gidan ya yi wata shida zuwa shekara, yadda aka saba a kwangilolin gini. Sannan mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni a wurin aiki, kuma duk sauyin da aka yi wa zane a rubuta shi da kuɗinsa kafin a aiwatar.

Harsashi da kankare

Ranar da za a shata gini a ƙasa, mai gida ya kasance a wurin. Ana tabbatar da daidaiton kusurwa da ƙa'idar 3, 4, 5: a auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, idan tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama mita 5 cif, kusurwar ta daidaita. A kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, a ga awon ya zo ɗaya. Kuskuren santimita kaɗan a nan zai bi ginin har rufi, kuma mai sa tayil ne zai tona shi.

A haƙa ramin harsashi har a wuce baƙar ƙasar sama mai saiwoyi a kai ga ƙasa mai tauri, gwargwadon zurfin da injiniya ya rubuta. A gidan ƙasa da ke kan ƙasa mai kyau, faɗin kankaren harsashi yakan ninka kaurin bango sau uku. Cikon da za a zuba a cikin ɗakuna a yi shi hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a daddage shi kafin a ƙara wani. Zuba ciko gaba ɗaya a baje samansa shi ne dalilin da ya sa daɓe yake lotsawa bayan shekara biyu. Kafin a zuba kankaren daɓe, a yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, a kuma sa abin tare danshi a cikin bango aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Wannan leda tana cikin abubuwa mafi araha a ginin gaba ɗaya, rashinta kuwa shi ne yake sa fenti ya riƙa ɓarewa a gindin bango duk shekara ba tare da an gane dalili ba.

Kankare ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake yin ha'incin da ba ya barin alama. Haɗin da aka saba yi wa ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai dai idan injiniya ya rubuta wanda ya fi shi ƙarfi. A auna da ma'auni guda, kwano ko akwatin katako, kada a yarda da ƙirgen shebur. Wannan haɗi yana cin buhun siminti mai kilo 50 kamar 6 zuwa 7 a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi ɗaya, saboda haka mai gida zai iya lissafa buhunan da ya kamata dakin ya ci, ya ƙirga buhunan da aka zazzage da yamma ya gwada.

Ruwa ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Tun a 1918 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda aka ƙara ruwa a kan siminti. Buhu guda ba ya buƙatar fiye da kimanin lita 25, har da danshin da ke cikin yashi. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, amma ruwan da ya yi yawa idan ya ƙafe yakan bar ƙananan ramuka a ciki, waɗanda suke raunana kankaren su kuma buɗe wa danshi hanya zuwa rodi. A yi amfani da ruwa mai tsabta wanda ba shi da gishiri, a zuba kwaɓin kafin ya yi awa ɗaya, kuma wanda ya fara daskarewa a zubar da shi, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Yashi ma a gwada shi: a zuba shi a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan yashin ya kai santimita 10 a kwalbar, laka da ta kwanta a samansa ta kusa santimita 1, to a wanke shi ko a mayar.

Kafin a zuba kankare a kan rodi, injiniya ya zo ya gani da idonsa, ya ƙirga, ya auna kauri da tazara. Rodi yana buƙatar kankare ya lulluɓe shi ta kowane gefe, kamar santimita 2.5 a dakin da ginshiƙai na cikin gida, santimita 5 ko fiye a harsashi, don haka a ɗora shi a kan 'yan ƙananan dunƙulen siminti, kada ya kwanta a kan katako ko ƙasa. Inda za a haɗa rodi biyu, su haɗu da tsawon da ya ninka kaurinsu sau 40 zuwa 50, wato rodi mai milimita 12 ya zarce ɗan'uwansa da kusan santimita 50 zuwa 60. A yi amfani da injin girgiza kankare domin ya fitar da iska ya cike kowane lungu. Idan an cire katako aka ga ramuka kamar saƙar zuma, kada a bari a shafe su da siminti kafin injiniya ya gani.

Mutane da yawa suna ɗauka kankare bushewa yake yi. A haƙiƙa siminti yana haɗuwa ne da ruwa ya zama dutse, kuma idan ruwan ya ƙafe da wuri haɗuwar ta tsaya ke nan. Shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla kwana 7 ba fashi, a rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, ko a yi wa dakin ɗan baki a tara ruwa a kansa. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 kuma ake auna cikakken ƙarfin. Katakon gefen ginshiƙi ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaran da ke ƙarƙashin dakin su zauna mako biyu, na dogayen bim, wato kankaren da ake gittawa a kan ginshiƙai, mako uku, sai fa idan injiniya ya ba da wani umarni. Kafinta zai matsa a cire da wuri domin yana son katakonsa a wani aikin, kuma wannan buƙatarsa ce shi kaɗai.

Daga bango zuwa tarewa

Bulo mai fuskar santimita 45 da 22.5 yana shiga kamar guda 10 a kowane murabba'in mita na bango, wanda ya isa a yi lissafin oda da shi. A ƙi bulon da yake marmashewa idan an murza gefensa da yatsa, ko wanda aka buga jiya. Kowace linta ta hau bango da aƙalla santimita 15 a kowane gefe, kuma zai fi kyau a zagaye ginin gaba ɗaya da ɗamarar kankare a wannan tsayi domin ta ɗaure bangayen wuri guda. Katakon rufi ya zama busasshe mai magani, a kuma ɗaure shi da ɗamarar da ƙarfe, saboda iska mai ƙarfi tana ɗaga rufi sama ne, kuma ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai zubo da lita 2,000 a ruwan milimita 20 kacal. Dole a yanke shawarar inda wannan ruwa zai tafi, ko tanki ko magudana, muddin dai ba gindin harsashi ba ne, kuma ƙasar da ke kewaye da gidan ta gangara waje.

Bututan ruwa da na waya kuwa, tun ran gini ran zane. A zaga ɗakunan da alli kafin a yi filasta, a sa alamar kowane soket da makunni bisa inda gado da tebur da firji za su zauna, a ƙara soket fiye da yadda ake jin ana buƙata, a kuma bar bututu ɗaya ko biyu babu komai a ciki don abin da zai zo nan gaba, kamar wayar intanet ko ta sola. Inda ake amfani da lantarki mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, an saba sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga na'urori masu jan wuta sosai, kuma ta zama ta jan ƙarfe zalla. Kada a yarda a tsallake wayar da ake binnewa a ƙasa, da na'urar da take katse wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Bututan ruwa a cika su a matsa, a bar su kwana guda a ga ko akwai tsiyaya kafin a rufe. Bututun ƙazanta mai faɗin santimita 10 ya gangara da kamar santimita 2.5 a kowace mita, a kuma yi ramin dubawa a duk inda ya karya kwana. Tankin masai ya yi nisan aƙalla mita 15 daga rijiya ko burtsatse, ramin da ruwansa yake tsotsewa kuma mita 30, sannan ya kasance ta gangaren filin.

Kafin mai filasta ya fara, a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa, yadda za a ga hanyar kowane bututu. Bayan shekaru, ranar da za a huda bango don rataye wani abu ko a nemi inda ruwa yake tsiyaya, waɗannan hotuna ne za su hana a fasa ɗaki guda don neman wuri ɗaya.

A kayan ƙawa ne ake iya tsuke hannu ba tare da fargaba ba. Tayil mai matsakaicin kuɗi, fenti na talaka, ƙofofin ciki marasa ado, duk suna iya jiran shekarun yalwa. Abin da ba a rage wa kuɗi a wannan mataki shi ne maganin hana ruwa ratsawa a ƙarƙashin tayil ɗin banɗaki, da ƙofofin waje da makullansu. A bar filasta ta bushe sosai, makonni uku zuwa huɗu, kafin a shafa fenti, a kuma sayi tayil da rarar kashi 10 cikin 100 a ajiye kwali ɗaya ko biyu, domin samun irinsa daidai bayan shekara biyu abu ne mai wuya.

Ranar karɓar gida, a zaga da takarda da alƙalami tare da maginin da injiniyan. A buɗe kowace ƙofa da taga a rufe, a kunna kowane famfo, a gwada kowane soket, a zuba bokitin ruwa a daɓen banɗaki a ga ko yana gangarawa zuwa magudana ko yana kwanciya a kusurwa, a ƙwanƙwasa tayil a saurari wanda yake amo kamar babu komai a ƙarƙashinsa. A rubuta duk abin da aka samu, kowa ya sa hannu, a sa ranar gyara. Takardun fili, da izinin gini, da zanen da aka gyara ya dace da abin da aka gina a zahiri, da rasiɗai, da hotunan bangaye a haɗa su wuri guda, a kuma ajiye kwafinsu a wani wurin daban. Kuɗin nan da aka riƙe kashi 5 cikin 100 ya ci gaba da zama a hannun mai gida har sai rufin ya ga damina guda cikakkiya, an hau cikin silin an duba, an zaga gindin bango an duba, sannan a kira magini a sallame shi.